Maganin da Bai Karɓi Ukasha Ba

Kulsum ta rasu ranar wata Laraba da damina, bayan la'asar, da faifan shinkafa a cinyarta. Daga ranar Malam Abdulhadi ya rasa hanyar yi wa ɗansa magana.

Ba gaba suke yi ba. Ukasha ɗan fari ne, Malam kuwa ɗan tsohon gida ne a Bebeji, irin gidan da uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya ɗaukarsa, ba ya haɗa tabarma da shi. Haka ya ga mahaifinsa ya yi wa yayansa, haka shi ma ya yi. Ya karanta littattafai na addini da na boko har idonsa ya nemi tabarau, ya koyar a firamare har aka sallame shi da fansho, kuma ya sani sarai babu inda aka rubuta wannan doka. Sanin bai tsinana masa komai ba. In ya buɗe baki zai ce Ukasha, sai harshen ya kauce ya ce "yaron nan". Yaron nan kuwa ya doshi arba'in, da matarsa Rabi, da 'ya'ya, da gonar shinkafa a fadama.

Kulsum ce ba ta ɗauki al'adar da nauyi ba. 'Yar Riruwai ce, can ya samo ta lokacin da aka tura shi koyarwa, garin da haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina, kowa da irin tasa kunyar har ba a san ta wa za a bi ba. Ranar farko da ta ƙwala wa yaron kira da sunansa a tsakar gidan Bebeji, mahaifiyar Malam ta saki ludayi ta yi salati. Da Malam ya yi wa Kulsum magana a ɗaki, ta ce ita ba ta sha naƙuda don ta haifi wanda za ta riƙa yi wa magana ta bango ba. Ya ce ba ta da tarbiyya. Ta ce shi ya sa ya aure ta.

Ita ta zama hanya tsakaninsu. Malam zai zauna, Ukasha na durƙushe gefe, sai ya dubi Kulsum ya ce ta gaya wa yaron nan takin da ya sayo ƙasa ce aka rina. Ita kuma ta juya ta ce wa ɗanta, ka ji babanka yana yaba takinka. Kowa ya ji abin da aka faɗa, kowa ya tashi ba a ɓata ba.

Bayan rasuwarta bakin Malam, wanda dama ba shi da zaƙi, ya ƙarasa zama maɗaci. Huɗubar liman ta yi tsawo, shayin mai shayi ruwan wanke kofi ne, masu magana a rediyo ba su iya Hausa ba. Masu kemis kuwa ya sa musu suna masu sayar da alewa, ya ce rabin abin da ke kantinsu alli ne aka dunƙule. Mutanen unguwa suka koyi ce masa "To, Malam" su wuce abinsu. Game da Ukasha kuma ya samo wata dabara wadda ko shi kansa ya san abin dariya ce. In yana da saƙo, sai ya buga wa 'yarsa Sumayya waya a Kiru, inda take aure, ita kuma ta kira yayanta. Yana zaune a zaure yakan ji wayar tana ƙara a sashen Ukasha, ƙetaren tsakar gida. Maganar da bai fi a ɗaga murya a faɗa ba sai ta je wata ƙaramar hukuma ta dawo.

Da kaka ta zo, lauje ya sari Ukasha a ƙwauri wajen yankan shinkafa. Ya yage tsumma ya ɗaure, ya koma cikin ruwa ya ci gaba da aiki, tun da shinkafa ba ta jiran kowa ya warke. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura, ta yi sheƙi, bakin ciwon ya fara ruwa. Malam ya ga ɗingishin daga bayan littafinsa. Ya buga Kiru, Kiru ta buga ƙetaren tsakar gida, ran kasuwa Ukasha ya hau babur ya tafi wani kemis a bakin titi.

Ya dawo wajen azahar da farar leda a hannu. A zaure ya yi ƙoƙarin durƙusawa ya gaida uban, ƙafar ta ƙi, sai ya dafa dakali ya ajiye ledar kusa da gwiwar Malam. Malam ya amsa gaisuwar yana kallon shafi. Amma shi mutum ne da ba ya iya ganin rubutu ya ƙyale, ko da takardar da aka naɗe tsire ce, don haka idonsa ya zame kan kwalin da ke cikin ledar. Amoksisilin, da wani dogon suna maƙale da shi. Ya san irinsa. Shekara da shekaru matan unguwa na kawo wa Kulsum takardun cikin kwalin magani, ita kuma ta kawo masa ya karanta yana gunaguni. Magani biyu ne a ƙwaya ɗaya, ɗaya na kashe ƙwayar cuta, ɗaya na hana ta kare kanta. Magani ne mai kyau ga ciwon da ya rure. Kuma ɗan gidan penisilin ne.

Kafin Malam ya gama haɗa abin a kansa, Ukasha ya ɗauki ledarsa ya shige.

Abin ya faru ne a Riruwai, yaron bai fi shekara huɗu ba. Tari ya kama shi, aka yi masa allurar penisilin a ɗakin shan magani. Kafin su kai gida leɓɓansa sun kumbura, numfashinsa na fito kamar na ɗan akuyar da igiya ta shaƙe. Kulsum ta juya da gudu, takalmi ya fita ba ta tsaya ba. Malamin asibitin ya ceto shi da kyar, ya kuma ce mata har abada kada a sake, ko allura, ko ƙwaya, ko na ruwa, duk abin da ya haɗa dangi da wannan. Malam yana aji ranar, labari ya tarar. Kulsum ce ta riƙe maganar duk tsawon shekarun. Ko ciwon haƙori Ukasha ya yi, da gemunsa da komai, sai ta karɓi maganin ta kawo an karanta. Shi kuwa Allah ya yi shi mai ƙarfin jiki, ba ya yawan ciwo, abin da ya rage a kansa kawai shi ne akwai wata allura da ba ta karɓe shi ba.

Daga cikin gida Malam ya jiyo muryar Rabi tana cewa ya ɗan jira, ai mai kemis ya ce da abinci ake sha, shinkafa da waken ta kusa tsotsewa.

Ya laluba aljihu ya buga Kiru. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya sake, haka. Sumayya tana gidan suna, wayar tana ƙasan jaka, kamar yadda ya ji daga baya. Jikokin duk suna makaranta. Ya dubi titi ko zai ga wani tsoho sa'ansa da zai aika, babu kowa sai awaki. Ƙamshin manja da albasa ya iso zaure.

Sai ya tashi. Ya ratsa tsakar gida zuwa ƙofar sashen Ukasha, inda rabonsa da takawa tun ranar da aka kawo Rabi. Ya yi sallama ya ba ƙofar gefen kafaɗa, yana kallon bishiyar darbejiya. Rabi ta zo bayan labule ta durƙusa, don ita ma suruka ce, akwai nata bangon tsakaninta da shi. Ya gyara murya ya yi wa darbejiyar magana.

"Maganin nan da aka shigo da shi, kada a sha. Ba kowa yake karɓa ba."

"To, Baba."

Ya koma zaure yana jin kamar ya hau dutsen Riruwai ya sauko. A ganinsa ya faɗi komai. Da Kulsum na nan, da ta ɗauki waɗannan kalmomi ta cika su, ta shiga ta fizge ledar. Amma Rabi abin da ta ji shi ne Baba ya sake taso wa masu kemis. Haka ta gaya wa mijinta, shi kuma ya yi dariya ya ce ai ko makon jiya Baba ya ce maganin ciwon kai alli ne. Ya ce kuma shi ya riga ya gaya wa mai kemis zancen allurar, wannan kuwa ƙwaya ce. Ya kai loma, ya haɗiye ƙwayar da ruwa. "To" ɗin da Rabi ta ce irin wanda duk unguwa ke cewa ne, kuma Malam da kansa ya koya musu shi.

Bai gama shafin da yake kai ba Rabi ta faɗo zaure, ba mayafi, ba takalmi. Ba ta durƙusa ba. Ta ce masa mai gidan ba ya iya numfashi.

Malam ya shiga ɗakin da bai taɓa shiga ba. Ukasha na zaune a bakin gado ya dafe gwiwoyi, leɓɓansa sun yi suntum, ido ɗaya ya rufe, wuyansa da hannuwansa duk sun yi ruɗu-ruɗu. Numfashin na fita da fito. Malam bai taɓa jin wannan sautin ba, labarinsa kawai aka ba shi, amma ya gane shi nan take. Rabi ta ɗauko manja a cokali za ta ɗura masa. Malam ya ce ta ajiye, ta ruga ta kira Ghali. Ya ɗauki kwalin maganin ya jefa a aljihu.

Ghali ɗan acaɓa ne, maƙwabcinsu, wanda Malam ya daɗe yana kiran babur ɗinsa makara mai ƙafa biyu. Suka cicciɓi Ukasha suka ɗora a tsakiya. Ghali ya waiga yana neman wanda zai riƙe shi ta baya, sai ya ga Malam ya tattare babbar riga ya ɗaga ƙafa.

Malam ya zagaye ƙirjin ɗansa da hannu biyu. Faɗinsa ya ba shi mamaki, don hannuwan da kyar suka haɗu. Yana jin fiton a tafin hannunsa kafin ya ji shi a kunne. Ghali na ta faɗin a yi haƙuri da gargada, yana kauce wa ramuka.

"Ghali, bar lallaɓa ni. In ka san hanyar da ta fi wannan muni amma ta fi kusa, bi ta."

Ghali ya yanke ta bayan kasuwa, ta cikin masu rake da masu buhunan masara, yana danna oda, mutane na tsalle suna zaginsa. Wasu sun gane wanda ke baya, suka tsaya da zagin a rabi.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya mai suna Zulaihat ce ta tare su tun daga baranda. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar Ukasha ta tambayi abin da ya sha. Malam ya miƙa mata kwalin, ya ce penisilin bai karɓe shi ba tun yana yaro. Wannan karon ya faɗa da dukan kalmomin. Aka kwantar da shi, ta zuƙo wata ƙaramar allura ta caka masa a cinya, ta tura Ghali ya kirawo likita. Tana neman jijiya a hannunsa don ƙarin ruwa, kan Ukasha ya fara lanƙwashewa gefe.

"Baba, ku ne mahaifinsa? Ku matso kusa da kunnensa ku riƙa kiran sunansa. Ina so in ga yana amsawa."

Malam ya duba hagu, ya duba dama. Ghali ya tafi, Rabi ba ta iso ba. Ya sunkuya. Na farkon ya fito kamar tari, shi kansa bai ji shi ba. Zulaihat ta ce ya ɗaga murya, ba karatun asuba ake ba.

"Ukasha."

Idon da bai rufe ba ya buɗe a hankali, ya nemo fuskar da ke kansa. Duk da kumburin, Malam ya ga mamaki a ciki, irin na wanda bango ya yi wa sallama.

"Ukasha. Kai nake kira. Ja numfashi, ba aro za ka yi ba."

Ya ci gaba da kira, tun yana jin nauyin sunan har ya daina ji. Likita ya iso, aka ƙara allurar cinyar, aka sa masa abin shaƙar iska. Sannu a hankali fiton ya yi ƙasa, ƙirjin ya fara hawa da sauka kamar na mutane. Malam ya tarar hannunsa na kan goshin ɗansa, bai san lokacin da ya kai shi ba. Ya janye, ya gyara hula, ya ce wa Zulaihat fankar ɗakin nan tun zamanin mulkin soja ba a goge ta ba. Ta ce, to, Baba. Ya dube ta da kyau, ya ga nata "to" ɗin da murmushi a ciki.

Sun riƙe Ukasha har washegari, don likitan ya ce abin kan lafa ya sake tasowa. Aka wanke ciwon ƙafar, aka yi masa allurar rigakafi saboda tsatsar laujen, aka rubuta masa wani magani da bai haɗa komai da penisilin ba. Da Rabi ta fara tsine wa ƙwayar farko tana kuka, likitan ya ce maganin ba shi da laifi, ƙafafu da yawa ya hana a yanke. Wanda ya karɓa, ya sha shi da abinci, a kan lokaci, har ya ƙare, ko da ciwon ya yi kamar ya warke. Wanda bai karɓa ba kuwa, ƙwaya ɗaya ta isa ta kai shi inda ba a dawowa. Ya ce daga yau duk inda Ukasha ya je neman magani, kafin ya faɗi abin da ke damunsa ya fara faɗin wannan, kuma ya kira shi da sunansa, kada ya ce wata allura.

Malam bai yarda an gama ba. Tsohon malamin firamare ne, ya san abin da aka faɗa sau ɗaya ba a faɗa ba. Ya tsaya a ƙafar gadon ya sa magidanci mai 'ya'ya ya maimaita: penisilin, da danginsa, allura ko ƙwaya ko na ruwa. Ukasha ya maimaita da kumburarren leɓe. Malam ya ce bai ji ba. Ya sake. Sannan Malam ya juya ga Rabi, ya dube ta a fuska karo na farko tun da aka kawo ta, ya ce ita ma. Ta maimaita tana kallon ƙasa, dariya da kuka na kokawa a muryarta. Ghali daga bakin ƙofa ya ce shi ma ya haddace, ko za a ba shi sakamako. Malam ya ce wanda ya bi ta kan raken mutane ba shi da sakamako sai a lahira.

Da suka koma gida Rabi ta kawo shawarar a kai wa ƙaninta ragowar ƙwayoyin, tun da maruru ya fito masa kuma magani mai tsada bai kamata ya lalace ba. Ta faɗa ne daga bayan labule. Malam ya amsa mata kai tsaye, ba ta darbejiya ba. Ya ce ƙanin nata ya kai marurunsa a duba, a tambaye shi abin da ya karɓe shi da wanda bai karɓe shi ba, magani ba goron biki ba ne. Ragowar ya ba Ghali ya mayar asibiti.

Ƙafar ta sace a hankali. Kowace safiya Ukasha kan zo zaure gaisuwa, kuma yanzu akan ɗan yi magana, ko da yake ba mai yawa ba. Sunan bai zauna a bakin Malam ba. Ya koma inda ya fito, sai dai "yaron nan" ma bai dawo ba, aka tsaya a "kai". Sumayya ta bugo daga Kiru tana ƙorafin an kore ta daga aiki ba sanarwa.

Wata safiya Ukasha ya durƙusa sosai, ƙafar ta yarda. Malam ya tambaye shi ko ya sha na safe. Ya ce ya sha, ai ciwon ma ya kame, yana ganin ya isa haka.

"Likita ya ce ya isa?"

"A'a, Baba."

"To ni ma ban ce ba. Sai ka ga ƙarshen kwalin."

Ukasha ya yi murmushi ya ce to, kuma wannan na gaske ne. Ya ɗan jima a durƙushe kamar mai jiran a ƙara masa wani abu. Malam ya buɗe littafi. Sai Ukasha ya tashi ya saɓa fartanya ya fita.

Malam ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Sannan ya juya kansa wajen cikin gida, bakinsa a buɗe, kamar yadda ya saba in ya samo labari. Tun ranar babur yake ɗauke da shi. A bayan kasuwa hular Ukasha ta faɗi, ba wanda ya tsaya ɗauka, kuma duk sauran hanyar ƙeyar ɗansa na dab da idonsa, kusancin da bai taɓa samu ba tun da aka haife shi. Abin da ya gani ba na gaya wa Sumayya a waya ba ne, ba kuma na gaya wa mai ƙeyar ba. Mutum ɗaya ce za ta saki abin da ke hannunta ta ce ƙarya yake, sai ta gani da idonta.

Kulsum, Ukashanmu ya fara furfura.